Bin Sawun Kakan da Ya Rayu a Ƙarni na 19

Mutumin da aka haifa a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 bai bar takardar haihuwa ba, ba a kuma rubuta ranar aurensa ko ta mutuwarsa a wani ofis ba. Daular Usmaniyya da ta kafu bayan jihadin 1804 tana da alƙalai da magatakarda da wasiƙu masu hatimi, amma ba ta ajiye rajistar talakawanta ba. Haka abin yake a Damagaram da Maraɗi da Argungu, waɗanda ba su bi Sakkwato ba. Sawun irin wannan mutum a warwatse yake a wurare uku: bakin tsofaffi, takardun da suka rage a gida, da rubuce-rubucen da Turawan mulki suka fara tarawa bayan sun ci ƙasar. Kowane ɗaya da giɓinsa, aikin mai bincike kuwa shi ne ya sa su su yi wa juna shaida.

Farawa daga masu rai

Daga kan mai binciken ake farawa, a riƙa ja da baya mataki-mataki. Wanda ya fara daga wani shahararren malami ko jarumi da ake cewa shi ne tushen gidansu, ya nemi hanyar da za ta sauko da shi zuwa kansa, zai sami hanyar ko da babu ita. Abu na farko shi ne a rubuta sunan uba da uwa, kakanni huɗu, da iyayen kakanni, gwargwadon abin da aka sani, a bar gurbi inda ba a sani ba. Kakan ƙarni na 19 bai yi nisan da ake zato ba, domin maza da yawa sun yi ta haihuwa har cikin tsufa. Wanda aka haifa a 1980, idan an haifi mahaifinsa wajen 1945, kakansa wajen 1905, to uban kakansa ɗan wajen 1865 ne. Wato akwai yiwuwar a sami tsoho a raye wanda ya zauna da wanda ya ga mutumin ido da ido.

Waɗannan tsofaffi su ne abin gaggawa a cikin aikin gaba ɗaya. Takarda za ta jira baɗi, tsohuwa mai shekara casa'in ba lalle ta jira ba. Tsofaffin mata sun fi cancanta a fara da su. Maza sukan riƙe jerin uba da uba da sarautar da aka yi, mata kuwa su ne suka san wace ce uwar wane, daga wane gari aka auro ta, wa ya yi riƙon wa, wa ya sha nono da wa, wane aure ya mutu. Gwaggo da inna da matar kawu da ta daɗe a gidan sukan san abin da mai gida kansa bai taɓa ji ba. Bayansu sai wanzamin gida, wanda zuriyarsa ta gaji askin suna da kaciyar gidan, sai maroƙa da makaɗa masu riƙe da kirari da take, sai liman da mai unguwa, sai zuriyar barorin gidan.

Ba a zuwa wa dattijo da takardar tambayoyi a hannu. Ana zuwa da gaisuwa da goro, a zauna, a bar hira ta kama hanyarta, a nemi izini kafin a kunna abin ɗaukar magana na waya. Ya fi kyau a gana da kowa shi kaɗai, domin a cikin taro ƙarami ba ya gyara wa babba zance ko da ya san an yi kuskure. A kowace hira a rubuta rana da wuri da sunan mai magana, a kuma tambaye shi daga wa ya ji. Labarin da mutum uku suka bayar, idan dukkansu daga bakin kaka ɗaya suka ɗauko shi, shaida ɗaya ce.

Alkunya tana da tasiri a nan. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗan farinta, ko na surukanta, bai kuma kamata a matsa mata ba. Sai a zagaya: a tambaye ta wane jika ne aka sa wa sunan Malam, ko a nemi wata jikarta da suke wasa ta faɗa a gabanta, ita kuma ta gyaɗa kai.

Suna da abin da yake ɗauke da shi

Mutum ɗaya yakan zama yana da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, da na sana'a ko sarauta, kowane reshe na dangi kuma da wanda ya riƙe. Dole a tattara su duka a ƙarƙashin mutumin, in ba haka ba sai a wayi gari an raba kaka ɗaya gida biyu. Akasin haka ma yana faruwa, ya ma fi yawa. Da yake ana mayar wa jika sunan kakansa, Muhammadu biyu ko Abdullahi uku na gida ɗaya sukan narke su zama mutum guda a bakin masu ba da labari. Alamar hakan ita ce a ji an ce mutum ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Shehu a jihadin 1804, ya kuma ga zuwan Turawa a 1903. Tsakanin 1804 da 1903 shekara 99 ce, saboda haka akwai suna ɗaya ko biyu da suka faɗi daga jerin.

Laƙabi kansa shaida ne. Tanko ya biyo mata ne, Gambo ya biyo tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa, Ɗan'azumi a watan Ramalana, Anaruwa da damina. Alhaji ma wani lokaci sunan yaron da aka haifa a lokacin Babbar Salla ne, ba lalle ya taka Makka ba. Laƙabin da ya fara da Maje yana nuna inda mutum ya ƙare, kamar yadda ake ce wa Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi.

Sanya labari a cikin shekaru

Tambayar wace shekara ba ta da amfani wurin wanda bai taɓa ƙidaya da shekarun Masihiyya ba. Abin da ake tambaya shi ne wane sarki ke kan gado, da kuma matsayin mutumin lokacin da wani babban abu ya faru: yana goye ne, ya yi wayo, an yi masa kaciya, ya isa riƙe gora a bayan shanu, ko ya riga ya yi iyali. Daga nan sai a ɗora amsar a kan jerin sarakuna. Na Kano sananne ne: Sulaimanu daga 1807 zuwa 1819, Ibrahim Dabo zuwa 1846, Usman zuwa 1855, Abdullahi har farkon shekarun 1880, Muhammadu Bello zuwa 1893, sai Tukur, sai Alu wanda Turawa suka tarar a 1903. A Sakkwato, Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello a 1837, Aliyu Babba ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859. Kowace masarauta tana da nata jerin, hakimai da dagatai ma haka, nasu kuwa yakan fi amfani ga mutumin ƙauye, wanda dagacinsa ya sani, bai taɓa ganin sarki ba.

Manyan abubuwan da suka girgiza jama'a sun fi zaman sarauta kaifi wajen tsayar da lokaci. Yaƙin Gawakuke a 1836 aka yi shi. Tawayen Buhari na Haɗeja ya cika shekarun 1850. Annobar da ta share shanu ta zo a farkon shekarun 1890, gidajen Fulani da yawa daga nan suke ƙirga talaucinsu ko komawarsu noma. Rabe ya ci Barno a 1893, aka kashe shi a 1900. Yaƙin Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya gudana daga 1893 zuwa 1895, ya tarwatsa gidaje da dama. Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Ga wanda ya yi tsawon rai akwai tashin Satiru da yaƙin Haɗeja a 1906, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Idan aka ce kaka ya yi wayo lokacin Basasa amma bai isa ɗaukar makami ba, haihuwarsa tana tsakanin 1880 da 1887, kuma tazara irin wannan ita ce gaskiyar abin da za a rubuta. Tsayar da shekara ɗaya tak inda shaida ta ba da bakwai ƙarya ce da ta yi kama da ƙwarewa.

Hare-haren da aka yi ta maimaitawa, irin na Ningawa a kudancin Kano da Zazzau ko na Maraɗawa a ƙasar Katsina, ba sa tsayar da shekara sai an san sunan wanda ya jagoranci harin.

Unguwa, sana'a da tsaga

Inda gida yake zaune yana magana. A birnin Kano, sunayen Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Sharifai suna faɗin waɗanda suka fara zama a wurin, Ayagi ta Yarbawa ce, Dandalin Turawa kuma na Larabawan Arewacin Afirka. Ya kamata mai bincike ya taka da ƙafarsa zuwa tsohon gidan, ya ga rijiya da masallaci da gonar gado, ya nemi kufai idan garin ya tashi. Kaburburan wancan zamani ba su da rubutu, amma dattawa sukan nuna inda aka binne wane, wani lokaci a cikin gidan kansa.

Sana'a gado ce a mafi yawan gidaje, saboda haka sanin cewa kaka marini ne, ko maƙeri, ko baduku, ko bafatake, yana taƙaita wuraren nema. Fataken goro na hanyar Gwanja mafi yawansu Agalawa ne da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma gidajensu sun san junansu ta auratayya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga Agalawa ya fito, tarihin gidansu kuma yana haskaka na maƙwabtansu da ba a rubuta ba. Tsagar fuska ma hujja ce, ko da yake yanzu ta kusa ɓacewa: a tambayi tsofaffi irin askar da ke fuskar kakan, zube ne ko bille ko kalangu, guda nawa, a wane kunci, sannan a kai bayanin wurin tsohon wanzami. Wasan barkwanci na ƙara haske, domin gidan da ke wasa da Barebari ko da Yarbawa yana nuna ɓangaren da yake ganin ya fito. Sai dai tsaga tana nuna gidan da aka yi wa yaro aski ne, ba lalle ta nuna jininsa ba.

Takardun gida

Gidan malamai ko na fatake ba ya rasa gafaka ko adaka da aka daɗe ba a buɗe ba. A ciki akan tarar da Alƙur'ani rubutun hannu, littattafan fiƙihu, wasiƙu, takardun bashi, da salsalar malaman da mutum ya yi karatu a wurinsu. Wuraren da za a fara dubawa su ne shafin farko da na ƙarshe da gefen shafuka. A ƙarshen littafi marubuci yakan sa sunansa da na mahaifinsa da na wanda ya rubuta wa, wani lokaci da rana da wata. A gefe kuma wasu sukan rubuta haihuwar ɗa ko rasuwar malami, da Larabci ko da ajami.

Shekarun da ke irin waɗannan takardu na Hijira ne. Hanya mai sauƙi ta juya su ita ce a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622: shekarar 1310 za ta ba da 1892, kuma lalle ta faɗo tsakanin 1892 da 1893. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta rana da kusan kwana 11, kusan kowace tana taɓa shekarun Masihiyya biyu, shi ya sa wasu littattafai ke sa rasuwar Abdullahi Maje Karofi a 1882, wasu a 1883. Malamai kuma sukan ɓoye shekara a cikin ramzi, wato haruffa masu ƙimar lamba. A nan akwai tarko: lissafin da ake bi a ƙasar Hausa na Magariba ne, inda shinun ke matsayin 1000, saɓanin na Gabas inda angai ke da wannan ƙima. Shinun da ra da lam da ba, a haɗe, 1232 ke nan, shekarar rasuwar Shehu. Takardar da ba ta da kwanan wata a ɗaga ta a hasken rana, domin mafi yawan takardun wancan zamani daga Italiya aka kawo su ta Sahara, suna ɗauke da alamar jinjirin wata uku a jikinsu, masana kuma suna iya kimanta zamaninsu daga irin alamar.

Littattafan ba a ɗinke suke ba, saboda haka a ɗauki hoton kowane shafi a yadda aka same shi kafin a motsa komai. Kada a liƙa musu salatif, kada a rufe su da roba mai zafi, kada kuma a raba su tsakanin magada kafin a gama ɗaukar hoton.

Gidajen adana tarihi

Sai an san suna da gari da zamani sannan tafiya Kaduna ke da amfani. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can yana riƙe da fayilolin larduna, masu lamba irin su KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, da na sakatariyar Arewa masu lambar SNP. Mafi amfani ga mai neman kaka su ne rahotannin kimanta haraji da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma a farkon ƙarni na 20, da littattafan bayanan gundumomi. A cikinsu akwai tarihin kafuwar ƙauyuka, jerin dagatai da salsalarsu, ƙabilun da ke zaune a wurin da sana'o'insu. Waɗanda suka ba Turawan wannan bayani mutanen ƙarni na 19 ne, amma ta bakin tafinta suka yi magana, a gaban hakimi, suna sane da cewa haraji ake shirin ɗora musu. A karanta da wannan a zuci. Rubutun sunaye ma ya bambanta, Bature yakan rubuta Katsena ko Hadeija, Bafaranshe kuma Tessaoua a madadin Tasawa, gundumomi kuwa an yi ta sake musu iyaka.

Bayanan kotu sun fi kome kusa da talaka. Shari'ar gado tana jera matan mamaci da 'ya'yansa da dukiyarsa, ta gona tana ambaton wanda ya fara sare dajin. Na majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 sun tsira, an ma buga wasu daga ciki. Gidan Arewa a Kaduna, ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da hukumar tarihi da al'adu ta Kano duk suna da rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Nijar akwai gidan adana takardu na ƙasa a Yamai da cibiyar bincike ta IRSH, akwai kuma tarihin garuruwa da ayarin Tilho mai shata iyaka ya tattara tsakanin 1906 da 1909.

Littattafan zamanin, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Taƙyidul Akhbari na Alƙali Muhammadu Zangi, sunayen malamai da mayaƙa da masu sarauta suke ɗauke da su. Ko kaka bai fito a ciki ba, suna bayyana duniyar da ya rayu a cikinta. Haka bayanin Barth, wanda ya ga kasuwar Kano a 1851, da labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta kuma ba da tarihin rayuwarta da bakinta. Abin kiyayewa shi ne kada a ɗauki abin da ya sami mutanen zamanin a rubuta shi kamar an tabbatar ya sami kakan.

Waɗanda suka tafi, da waɗanda aka kawo

Idan labari ya yanke da cewa ya tafi Gwanja ko ya yi gabas bai dawo ba, sauran rayuwarsa tana wata ƙasa. Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya ƙare a Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, kuma a Ghana da takardun Jamusawa aka fi samun sawunsa. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa Hausawa zuwa zangunan Kumasi da Ankara da wasu garuruwa, sarakunan zango da limamansu kuwa suna riƙe da asalin gidaje. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka tsira daga Burmi a Yulin 1903, da yawansu sun zarce Sudan, zuriyarsu na Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, tare da ta mahajjatan ƙafa da guzuri ya ƙare musu a hanya.

Bauta ta shafi babban kaso na jama'ar wancan ƙarni, kusan babu zuriyar da bincike mai zurfi ba zai ci karo da ita ba: kakan da aka kamo, kakar da ta shigo gida a matsayin sa-ɗaka, ko kakan da ya mallaki rinji. Alamominta su ne jerin da ya tsaya cak a kan mutum ɗaya ba a san ubansa ba, ko uwar da ba a ambaton garinsu. Dokar Turawan Ingila ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba a kuma soke bautar ɗungurungum ba sai 1936. A tsakanin nan kotunan alƙalai sun rubuta dubban shari'o'in fansa da 'yantawa, wasu da sunan mutum da ƙabilarsa da kuɗin da aka biya. Sau da yawa wannan ita ce takarda ɗaya tilo da ta ambaci sunan wata mace ta ƙarni na 19. Abin da aka gano a rubuta shi yadda yake, amma a shawarci dattawan gida kafin a yaɗa shi, musamman idan ya taɓa wani gida dabam.

Labarin asali mai nisa, na fitowa daga Makka ko Yaman ko Malle, a rubuta shi da girmamawa a matsayin abin da gidan ke faɗa game da kansa, a ware shi daga abin da aka tabbatar. Gwajin ƙwayar halitta yana iya nuna dangantaka tsakanin rassa biyu masu rai, amma ba ya ba da suna ko gari.

Rubuta abin da aka samu

Tarihin kakan a tsara shi bisa shekaru, daga haihuwa zuwa rasuwa, kowace magana da madogararta a gefe: wane ya faɗa, ranar kaza, ko fayil mai lamba kaza, shafi kaza. A bambanta mataki uku da kalmomi bayyanannu. Abin da shaidu biyu masu zaman kansu suka haɗu a kai, a ce ya tabbata. Abin da lissafi ya nuna, a ce mai yiwuwa ne, a kawo lissafin. Abin da baki ɗaya ya faɗa, a ce an ce. Inda ruwayoyi biyu suka saɓa, a kawo su duka da sunan masu su, domin wata takarda na iya fitowa daga baya ta raba gardamar. Hirarrakin da aka ɗauka a rubuta su da Hausar masu maganar, ba tare da an gyara musu karin harshe ba. A buga kwafi a takarda a ba kowane reshe na dangi, har da na ɓangaren mata, sautuka da hotunan kuma a ajiye su a wuri fiye da ɗaya, kada a bar su a cikin waya kaɗai.